TARIHIN MANHAJOJIN KARATU MASU 'YANCI, DA DALILIN DA YA SA MU 'YAN BAKIN IYAKA MUKA FI KOWA BUƘATARSU



Yau ba canjin sikirin ko filashin za mu koya ba, tarihi za mu taɓa. Amma tarihi ne da ya shafi wayar da ke hannunka yanzu haka, ya kuma shafi karatun ƙannenka. Rubutun yana da ɗan tsawo, ka daure ka kai ƙarshe, musamman in kai malamin makaranta ne, ko ɗalibi mai shirin JAMB, ko magidancin da yaransa ke zaune gida saboda halin da ake ciki a yankinmu na Isa da Sabon Birni.

KYAUTA DABAN, 'YANCI DABAN

Duk manhajar da ka sauke ba ka biya ko sisi ba, kyauta muke ce mata. To amma kyautar iri biyu ce.

Akwai wadda aka ba ka aro. Kana amfani da ita muddin kana da data, muddin kamfanin yana raye, muddin bai canza ra'ayi ba. Ba ka da ikon leƙa cikinta, balle ka gyara. Facebook da WhatsApp da YouTube duk a nan suke. Ba kushe su nake ba, suna da amfaninsu, amma dai zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wadda aka ba ka ita ɗungurungum, har da rubutun asalin da aka gina ta da shi, wanda masu harkar ke kira kod. Duk mai gyaran waya ya san bambancin wayar da ake samun dayagiram ɗinta da wadda kamfani ya ɓoye. Mai dayagiram, kana bin layin wuta tun daga bakin caji har ayisi, ka ga inda ya yanke. Marar dayagiram kuwa lalube ne cikin duhu. To kod shi ne dayagiram ɗin manhaja. Manhajar da aka saki kod ɗinta, aka kuma rubuta lasisi cewa kowa na iya amfani da ita, ya duba ta, ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ita ake kira manhaja mai 'yanci ko buɗaɗɗiyar manhaja.

A birnin da sabis ba ya yankewa, mutum na iya rayuwa bai taɓa jin wannan bambanci a jikinsa ba. Mu kam mun ji shi, za mu zo wurin.

KAFIN KWAMFUTA, YAYA LITTAFI YAKE YAWO A ƘASARMU?

Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Tsarin "kwafa ka miƙa wa na gaba" ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir.

Zamanin da Alkalawa take babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808 (kufanta na nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni), babu injin buga littafi a ƙasar Hausa. Da hannu ake kwafa. Ɗalibi zai zauna gaban malami ya karanci littafi baki da baki, ya nemi takarda, wadda fatake ke kawowa ta hamada, ya kwafe shi da tawada da alƙalami. A ƙarshe ya ambaci mawallafi, sau da yawa ya sa nasa sunan, ya roƙi mai karatu addu'a. A gefen shafi ana ƙara bayani, wani da Larabci, wani da ajami. In ya ƙware, malami ya ba shi ijaza, wato izinin shi ma ya karantar. Da haka littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka karaɗe ƙasa.

Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta ƙara gaba. Ta ga matan ƙauye ba su iya barin gida su zauna makaranta, sai ta riƙa tsara darasi cikin waƙa, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji. Jaji ta zo ta haddace, ta koma ƙauye ta koyar. Su ne 'Yan Taru. In da yaren yau ne, sai mu ce ta haɗa darasin da ba ya buƙatar sabis.

Ka riƙe ƙa'idoji uku daga wanga tsari: kwafa ba laifi ba ce, sunan mai aiki ba a goge shi, wanda ya karɓa kuma ya miƙa gaba. Za ka sake ganin su a inda ba ka zata ba.

RIGIMAR DA FIRINTA TA JAWO

Mu tsallaka Amurka. A farkon zamanin kwamfuta, masu rubuta manhaja a jami'o'i musayar kod suke yi tsakaninsu kamar yadda ɗalibai ke aron littafi. Da kasuwa ta shigo, kamfanoni suka fara rufe kod, suna sa ma'aikata hannu a takardar cewa ba za su nuna wa kowa ba.

Wajen 1980, a jami'ar MIT, akwai wani matashi mai suna Richard Stallman. An kawo musu sabuwar firinta ta kamfanin Xerox, tana yawan cushe takarda. A tsohuwar firintarsu ya taɓa gyara kod ta yadda in takarda ta maƙale, saƙo zai je wa masu jira. Ya nemi kod ɗin sabuwar don ya yi irin wannan gyara, aka hana shi. Duk mai gyaran da ya taɓa riƙe waya ya san ciwonta, ya san maganin, amma kamfani ya kulle, ya san abin da bawan Allahn nan ya ji.

A watan Satumbar 1983 ya shelanta cewa zai gina cikakken tsarin kwamfuta wanda kowa ke da 'yanci a kansa, ya sa masa suna GNU. A 1985 ya kafa gidauniyar Free Software Foundation, a 1989 kuma aka fitar da lasisin GPL. Dabarar lasisin ita ce: ka yi amfani, ka duba, ka gyara, ka raba, ka ma sayar in ka ga dama, amma in za ka miƙa wa wani, dole ka ba shi 'yancin da aka ba ka, kuma ba ka goge sunan masu aikin. Ka tuna ƙa'idoji ukun nan na malamanmu? Ga su nan da rigar lauya.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin da ta rage, wato sashen da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. Shi ne Linux. Shekara ta zagayo ya sa shi ƙarƙashin GPL, dubban mutane daga ko'ina suka sa hannu.

Kada ka ɗauka labarin Turawa ne da bai shafe ka ba. Android, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, a kan Linux aka gina shi. Ɗauki Tecno ko itel ko Infinix ɗinka, shiga Settings, ka je About phone, ka nemi Kernel version. Lambar da ka gani ta Linux ce. Da yake tushen Android a buɗe yake, kamfanoni da yawa sun samu damar ƙera waya mai sauƙin kuɗi ba sai sun gina tsari daga tushe ba, yana cikin dalilan da suka sa waya mai shafawa ta iso hannun talaka. Sai dai Play Store da sauran manhajojin Google da ke kai, su a rufe suke.

A 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fitar da Ubuntu, nau'in Linux mai sauƙin amfani. Shekaru da dama suna aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa duk ƙasar da mutum ya nema, don sun san ba kowa ke da intanet ɗin saukewa ba.

DAGA MANHAJA ZUWA DARASI

Shekarar 2001 ita ce shekarar da MTN da Econet suka fara GSM a Najeriya. A shekarar ne kuma tunanin nan ya tsallaka daga kod zuwa ilimi kansa.

Ranar 15 ga Janairun 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, kundin sani wanda kowa ke iya rubutawa, kowa ke iya kwafa. A watan Afrilu jami'ar MIT ta ce za ta zuba darussanta a intanet kyauta. A 2001 ɗin dai aka kafa Creative Commons, wadda a 2002 ta fitar da lasisai irin na GPL amma na littafi da hoto da bidiyo. In ka ga alamar CC a jikin littafi, marubucin yana gaya maka ne tun kafin ka tambaya: ka kwafa, ga sharuɗɗa. A 2002 kuma, a wani taron UNESCO a Faris, aka raɗa wa irin waɗannan kaya suna, buɗaɗɗun kayan koyo da koyarwa.

Akwai mutum ɗaya a wannan zango da labarinsa ya yi kama da namu. Martin Dougiamas ya tashi a hamadar yammacin Ostareliya, nesa da kowace makaranta. Karatunsa na firamare ta rediyo ya yi shi, malami na magana daga can wani gari mai nisa. Da ya girma ya rubuta Moodle, ya sake ta a 2002. Manhaja ce da malami ke zuba darasi da jarrabawa, ɗalibi ya shiga daga inda yake. Yau jami'o'i barkatai a duniya da ita suke aiki. Yaron da nisa ya hana zama aji shi ya gina wa duniya aji.

Amma duk waɗannan suna da sharaɗi guda: sai da intanet.

ABIN DA YA FARU A GALADIMA

A 2005 wani farfesan MIT, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfuta, One Laptop per Child. Suka ƙera 'yar ƙaramar kwamfuta kore da fari mai suna XO, mai jure ƙura, wadda ake iya karanta sikirin ɗinta a rana. Linux ne a ciki, da wani tsarin yara mai suna Sugar. An yi alkawarin dala 100, amma da ta fito kuɗinta ya kusa ninkawa.

Najeriya na cikin ƙasashen farko da aka gwada. A 2007 aka raba kusan guda 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja. Ana ta maganar gwamnati za ta sayi miliyan guda. Me ya biyo baya? Makarantar sai da janareto ake caji. Intanet ta tauraron ɗan'adam ce, mai tsada. Jaridu suka ruwaito cewa wasu yara sun leƙa shafukan banza, aka koma neman hanyar toshewa. Wani kamfanin ɗan Najeriya ya shigar da ƙara a kotun Legas kan tsarin madannan rubutun kwamfutar. Gwamnati ta canza a watan Mayun 2007, sabon ministan ilimi ya fito yana tambayar amfanin kwamfuta ga yaron da ba shi da ko kujerar zama. Miliyan ɗin nan ba a saye ta ba.

Abu ɗaya ya yi kyau, kuma mu masu gyara ya kamata mu san shi: yaran Galadima da kansu suka koyi kwance kwamfutocin suna gyarawa, saboda an ƙera su ne don a iya kwancewa.

Darasin Galadima a fili yake. Na'urar da aka kawo daga sama aka raba, in babu wuta, babu malamin da aka horar, babu mai gyara a kusa, babu kuɗin data, mutuwa take. Amma manhajar Sugar ba ta mutu da shirin ba, masu sa kai sun ci gaba da ita, saboda kod ɗin ba a aljihun mutum ɗaya yake ba.

MASU TUNANIN INDA BABU SABIS

A daidai lokacin, wasu suka juyo da tambayar: maimakon jiran intanet ta zo ƙauye, me zai hana a ɗauko ilimin a zuba a memori a kai?

A 2007 Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin, wanda yake aiki a Bamako ta ƙasar Mali, suka fara Kiwix. Aikinta shi ne matse Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda mai suna ZIM, ka buɗe ka yi bincike ba data ba sabis. Wannan ya yiwu ne kawai don lasisin Wikipedia ya halatta kwafa. A 2012 shirin Afripedia ya kai ta jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

Sai Salman Khan, ba jarumin Indiyan nan ba, wani Ba'amurke ne da ya fara koya wa 'yar'uwarsa lissafi daga nesa a 2004, ya fara ɗora bidiyon a YouTube a 2006, abin ya zama Khan Academy. Bidiyon na ƙarƙashin lasisin CC, don haka a ƙarshen 2012 wani ɗalibin jami'a a San Diego, Jamie Alexandre, da abokansa suka haɗa KA Lite, mai kunna darussan ba intanet. Ƙungiyarsu Learning Equality ta faɗaɗa aikin ya zama Kolibri a 2017. Yadda take aiki: kwamfuta guda, ko tsohuwa ce, ta zama uwar garke, wayoyi su haɗu da ita ta waifai na cikin ɗaki, yara su kalli darasi su amsa tambayoyi, malami yana ganin wanda ya gane da wanda ya maƙale. An yi aiki da ita a sansanonin 'yan gudun hijira a Yuganda da Kenya, kuma ana iya mayar da fuskarta Hausa.

Ɓangaren ƙananan yara, a 2014 cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe African Storybook, littattafan labari masu hoto cikin harsunan Afirka, har da Hausa. Ƙungiyar SIL kuma tana da Bloom, manhajar haɗa littafi da karanta shi, ita ma da littattafan Hausa a ciki.

Ka lura, waɗannan ba don ɗan birni aka yi su ba. Don irinmu aka yi su.

2020 DA 2021: LOKACIN DA MUNKA GANI DA IDONMU

A watan Maris na 2020 anka rufe makarantu saboda korona. 'Ya'yan masu hali a birane suka koma karatu ta intanet, jihohi da dama suka koma darasi ta rediyo da talabijin. A watan Mayun shekarar 'yan bindiga sunka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, jama'a sunka yi ta tsallakawa Nijar, yankin Gidan Runji na jihar Maradi. Yaron da ya yi gudun hijira, karatunsa ma ya yi gudun hijira.

Bayan sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana na bakin iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. A farkon Satumba anka rufe hanyar Isa zuwa Marnona, anka hana sayar da mai a jarka, kai kuwa ka san da jarka masu cajin waya ke ɗauko man janareto. Anka kashe sabis a Zamfara, maƙwabtanmu na Shinkafi suka yi tsit. Kafin watan ya ƙare, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da kashe sabis a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, mu ma muna ciki. An yi ne don tsaro, ba wannan muhawarar ce ta kawo mu yau ba. Abin da nake so ka tuna shi ne yadda wayarka ta koma a makonnin nan.

Facebook bai buɗewa. WhatsApp shiru. YouTube sai zagaye yake. Mai son kira sai ya nufi birni, ko ya nemi layin Nijar ya hau tudu. Duk wata manhajar karatu da ke jiran intanet ta zama hoto a sikirin.

Me ya ci gaba da aiki? Abin da ke cikin memori. Karatun malamai, waƙoƙi, fina-finai, suna ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth da teburin masu turi. Wato hanyar raba ilimi ba tare da sabis ba, muna da ita tuni, a kowace kasuwa da tasha. Abin da babu shi ne darasin da za a tura. Kiwix tana da shekara 14 a duniya a lokacin, Kolibri tana da huɗu, amma mutane ƙalilan ne a yankinmu sunka san da su.

Ga kuma wani bambanci da ya kamata mai tsoron Allah ya duba. Turin fim ba da izinin mai shi ba cin haƙƙi ne, kowa ya san yadda ya karya 'yan Kannywood da yawa. Manhajar kuɗi da aka fasa ita ma haka, ga ta da haɗari: wayoyi da yawa da ake kawowa gyara suna zafi, talla na faɗowa ba kai ba gindi, batir na zuƙewa, in ka bincika irin waɗannan manhajoji ne a ciki. Amma manhaja mai 'yanci, mai ita ne da kansa ya rubuta cewa ka kwafa ka raba. Halal ce tsantsa.

TO YANZU ME ZA KA YI?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: saukewar farko tana son data, daga nan shi ke nan. Ranar da ka shiga Sakkwato ko ka samu sabis mai ƙarfi, ga abin yi.

1. Nemi memori na gaske. Jabu sun cika kasuwa, a rubuta 64GB alhali cikinsa bai kai ba. Ka cika shi da manyan fayiloli ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na jabu zai fara lalata su.

2. Sauke Kiwix. A cikinta zaɓi harshen Hausa ka sauke Wikipedia ta Hausa, ba ta da nauyi. Ƙara da Wikipedia ta sauƙaƙan Turanci, da ta fannin lafiya, da PhET, wato gwaje-gwajen kimiyya na jami'ar Colorado da ɗalibi ke taɓawa da yatsa ya ga sakamako, abin da ya dace da makarantar da ba ta da ɗakin gwaji. Cikakkiyar ta Turanci mai hotuna ta kai wajen 100GB, ba dole ba ce. Ka ajiye fayil ɗin APK na manhajar daga shafinsu na ainihi don turawa. Tana kuma iya mayar da wayarka hosfot, na kusa da kai su karanta daga wayarka.

3. Don yara masu koyon karatu, Bloom Reader da African Storybook. Ka sauke littattafan Hausa da yawa lokaci guda.

4. Don mai jarrabawa, AnkiDroid. Kana rubuta tambaya da amsa, ita kuma tana dawo maka da wadda ka kusa mantawa a kan lokaci. Tishi ne irin na makarantar allo, waya ce kawai ke riƙe lissafin.

5. Quran for Android ita ma buɗaɗɗiya ce. Sai dai ka duba riwaya kafin ka miƙa wa almajiri, don makarantun allonmu galibi Warshu ake karantawa, yawancin manhajoji kuwa Hafsu ne.

6. In akwai tsohuwar kwamfutar cinya da aka jingine don nauyi, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A sa mata Lubuntu ko Linux Mint, a zuba Kolibri, da LibreOffice na rubutu da lissafi, da GCompris na koya wa yara linzami da madannai. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaro daga Gatawa ko Turba da bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, ya fara faɗuwa tun kafin ya karanta tambaya ta farko.

GASKIYAR DA BA ZA A ƁOYE BA

Manhaja ba ta maye gurbin malami. Galadima ta nuna mana haka. Ba ta kawo wuta, sai an tanadi ɗan sola. Ba ta kawo tsaro, don haka kada a tara yara inda zai jawo ido, zaure ko tsakar gida da yara biyar ya wadatar. Kuma yawancin darussan da Turanci suke, na Hausa ba su kai yadda ake so ba.

To amma wannan na ƙarshen a hannunmu yake. Wikipedia ta Hausa tana da dubun-dubatar maƙaloli, kuma masu sa kai ne irinka suka rubuta su, da yawa da waya. Ka bincika abin da aka rubuta kan Alkalawa, ko Bafarawa, ko Tsamaye, ko Unguwar Lalle. In ka ga ya yi kaɗan, ka nemi madogara ka ƙara. African Storybook tana ba ka damar fassara labari zuwa Hausa, Bloom tana ba malami damar haɗa nasa littafin da kalmomin da yaranmu ke ji a gida. Kamfanin da ke neman riba ba zai zo ya rubuta wa ɗan Kurawa littafi ba, lissafinsa ba zai fita ba. Lasisin nan ya ce ba sai mun jira shi ba.

Gare ku 'yan'uwana masu gyara da masu turi da masu caji: kowace rana wayoyi nawa ke ratsa hannunku? Ku ware folda guda ta karatu. Duk wanda ya kawo memori, ku tambaye shi ko akwai ɗalibi a gida, ku zuba masa. Malaman makaranta kuma ku fara gwadawa da kanku kafin ku kai wa yara. Babu wanda ya san ranar da sabis zai sake ɗaukewa ko makaranta ta sake rufewa, muna roƙon Allah kada Ya maimaita mana. Amma abin da ya riga ya shiga memori ya shiga, ba mai kashe shi daga Abuja.

A rubutu na gaba insha Allahu za mu bi yadda ake saita Kiwix mataki-mataki da hotuna, da yadda ake tura fayil ɗin ZIM daga waya zuwa waya. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Ka tura wa malamin makarantar da ka sani.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani. Amin.